Bakin Yaro Tsakanin Kasuwa da Aji: Raya Harshen Yara a Zangunan Nima da Maamobi

Tsakure

Takardar nan ta dubi yadda bakin yaro ke buɗewa a unguwannin zango da ke kewaye da Kasuwar Malam Atta a birnin Akra, da abin da ke samun harshen da ya tashi da shi idan ya shiga makaranta ko aka kai shi asibiti. Ta dogara ga binciken da aka wallafa a Gana da Senegal da Amurka da Ingila, da tarihin manufar harshe ta Gana, da abin da mai zirga-zirga a waɗannan unguwanni ke gani da idonsa. Matsayinta shi ne yawan harsuna ba ya hana yaron zango magana. Abin da ke cutar da shi shi ne harshen da ya fi ƙarfi a kai, wato Hausa ga yawancin yaran, ba a yi masa gurbi a aji ba, kuma ba da shi ake auna lafiyar bakinsa ba.

Gabatarwa



A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga hannun iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga, inda Nima take a yau. Kafin nan Malam Bako ya riga ya kafa Sabon Zango a ɗaya ɓangaren birnin. Baƙi suka yi ta sauka: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Dagomba, Yarbawa, Wangara da mutanen arewacin Gana iri-iri. Hausa ta zama harshen da ya haɗa su a masallaci da kasuwa da tsakar gidan haya, har ta zama harshen farko ga jikokin mutanen da kakanninsu ba su taɓa taka Kano ko Katsina ba. Marigayiya Farfesa Mary Esther Kropp Dakubu ta Jami'ar Gana ta yi bayanin wannan cuɗanya a littafinta na tarihin harsunan Akra da ya fito a 1997, inda ta nuna cewa iya harsuna da yawa shi ne halin yau da kullum ga baƙin da suka zo birnin daga arewa.

Yaron da aka haifa a Maamobi yau yana jin Hausa a tsakar gida, wataƙila Zabarmanci ko Dagbani a ɗakin kakarsa, Twi wajen ciniki, Ga a bakin maƙwabta, Turancin buroka wajen samarin layi, Larabci a makarantar allo. Bai kai shekara huɗu ba ya san wanda za a gaida da wane harshe. Tambayar da takardar nan ta ɗauko ita ce: ina wannan arziki ke shiga, har yaron da ya iya tayi da ƙin tayi a kasuwa ya koma shiru a aji, a rubuta shi cikin marasa ƙoƙari?

Abin da kunnen yaro ke ji

A 1995 Betty Hart da Todd Risley suka fitar da binciken da suka yi a gidaje 42 a Kansas ta Amurka. Daga nan aka sami zancen da ya zaga duniya, cewa kafin shekara huɗu ɗan talaka ya yi asarar jin kalmomi kusan miliyan 30 idan an gwada shi da ɗan masu hali. A 2019 Douglas Sperry da abokan aikinsa suka ƙalubalanci wannan lissafi, domin ya ƙirga maganar da ake yi wa yaro kai tsaye ne kawai, ya bar wadda yake tsinta daga yayye da kakanni da baƙi. Duk wanda ya san gidan haya na Nima, inda iyalai da dama ke girki da wanki da faɗa da sulhu a tsakar gida ɗaya, zai gane ƙarfin wannan suka. Yaron zango ba ya yunwar jin magana.

Sai dai jin magana daban, a yi magana da kai daban. Binciken Rachel Romeo da abokanta na 2018, a kan yara 36 masu shekara huɗu zuwa shida, ya gano cewa abin da ya fi tafiya da ƙarfin harshen yaro da motsin sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa magana shi ne yawan musayar zance, babba ya faɗa yaro ya mayar, ya fi tarin kalmomin da ke wucewa ta kunnensa muhimmanci.

A nan ne kasuwa ke da abin koya mana. A tsaya a rumfar mai tumatir da tattasai a Malam Atta da hantsi. 'Yarta mai shekara biyu na zaune a kan buhu a gefen tire. Uwar na kasa kaya, ta miƙa mata ɗaya ta ce, "Mene ne wannan?" Yarinya ta ce, "Matil." Uwar ba ta ce ta yi kuskure ba, sai ta ce, "Tumatir, ja ne, babba ne. Kai wa Hajiya." Yarinya ta tashi tana tangaɗi ta kai, Hajiya ta ce, "Nawa ne, 'yar kasuwa?" aka yi dariya, yarinya ta ɗaga yatsu biyu. Cikin minti ɗaya an ambaci suna da launi da girma, an ba da umarni an bi, an yi tambaya an amsa. Masu gyaran magana a asibitocin Turai wannan ɗabi'ar suke zama su koya wa iyaye: bi abin da idon yaro ke kai, maimaita abin da ya faɗa a daidai, ƙara masa kalma ɗaya ko biyu, sannan ka dakata ya mayar. Matan kasuwa da yawa suna yin haka ba tare da an gaya musu yana da daraja ba.

A rumfa ta gaba kuwa ana iya ganin akasin haka. Yarinya 'yar dako, cikin waɗanda ake kira kayaye, wadda ta zo daga yankin Mamprusi ko Dagomba neman kuɗi, tana ɗauke da kwanon kaya a ka da jariri a baya tun safe har la'asar. Jaririn na jin hayaniyar kasuwa gaba ɗaya, amma fuskar uwarsa ba ya ganinta sai lokacin shan nono, ita kuma ta gaji likis. Ba laifinta ba ne, kuma wa'azi ba zai sauke mata kwanon ba. Abin da zai taimaki wannan jariri shi ne inuwa mai tsabta a cikin kasuwar, da mai reno da ke jin harshensa.

Akwai kuma al'ada. A ƙauyukan Wolof na yankin Kaolack a Senegal, Ann Weber da Anne Fernald da Yatma Diop sun tarar ana ganin mai hira da jariri kamar mai taɓin hankali, ana kuma tsoron yawan kallon idonsa zai jawo masa iska. Bayan shirin wayar da kai na ƙungiyar Tostan, sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna iyaye mata sun ƙara yawan maganar da suke yi wa 'ya'yansu ƙwarai, bakin yaran ma ya ƙara buɗewa. Mu ma muna da namu. Kunyar ɗan fari takan sa uwa ta kame bakinta a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a bainar jama'a. A da wannan bai bar giɓi ba, domin kaka da gwaggo da 'yan reno sun ɗauke nauyin tawai da waƙar reno da tatsuniya. Yau amarya na zaune a ɗaki ɗaya na haya nesa da danginta, kunya na nan, kakar ba ta nan, sai waya ta maye gurbin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a bar yaron da bai kai shekara biyu ba yana zaman kallon waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dalilin a fili yake: waya ba ta jiran yaro ya mayar da zance.

Ƙofar makaranta

Gana ta daɗe tana kai da komo a kan harshen koyarwa. A watan Mayu na 2002 gwamnati ta ce a koyar da Turanci zalla tun daga aji ɗaya. Gyaran ilimi na 2007 ya dawo da harsunan gida a azuzuwan farko, ya kuma sa shekara biyu na ajin share fage cikin ilimin tushe. Daga 2009 aka shigo da shirin NALAP, aka buga littattafai cikin harsuna 11: Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Gonja, Dagaare da Kasem. A watan Oktoba na 2025 Ministan Ilimi, Haruna Iddrisu, ya sake jaddada wajibcin koyarwa da harshen gida. Manufa ce mai kyau, ina goyon bayanta. Amma a duba jerin nan, babu Hausa. Gidan rediyon gwamnatin Gana ya shafe shekaru da dama yana karanta labarai da Hausa, 'yan siyasa na neman ƙuri'a da ita a unguwannin zango, amma ajin yara bai san da ita ba, domin ana ɗaukarta harshen baƙi.

Sakamakon haka, yaron Nima kan shiga aji inda harshen gidan da aka ware shi ne Ga, malama kuma sau da yawa Twi ko Ewe take ji, littafi na Turanci ne. Manufar da aka yi don yaro ya fara karatu da harshen da ya sani ta zame masa baƙin harsuna biyu a lokaci ɗaya. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a faɗin Gana a 2013 da 2015 ya nuna kusan kashi 2 cikin ɗari na 'yan aji biyu ne kawai ke karatu da santsi da fahimta, rabi ko fiye kuwa ko kalma ɗaya ba sa iya karantawa. Wannan adadi na ƙasa baki ɗaya ne, har da yaran da harshensu ke cikin jerin. Sai a ƙiyasta halin wanda nasa ba ya ciki.

Hujjar ilimi a nan ba sabuwa ba ce. Jim Cummins ya bayyana tun 1979 cewa ƙwarewar da yaro ya gina a harshen farko, kamar jera labari, kawo dalili, gane cewa kalma na rarrabuwa zuwa sautuka, tana ƙetarawa zuwa harshe na biyu. Shirin shekara shida na Ile-Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya koyar da yara da Yarbanci a duk firamare, kuma Turancinsu bai faɗi ƙasa da na takwarorinsu ba. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. Littattafan Hausa na yara suna nan jibge a Kano da Zariya da Yamai. Ba daga tushe za a fara ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan hali ya koma gida ya sauya bakin iyaye. Uwa ta ga ɗanta na shan wuya a makaranta, sai ta yanke shawarar daina yi masa Hausa, ta koma Turancin da ita kanta ba ta mallaka ba. Matar da in ta buɗe baki da Hausa za ta yi habaici da karin magana da labari mai rassa, yanzu abin da ɗanta ke samu daga gare ta bai wuce zo, zauna, ci, yi shiru ba. Ta yi haka ne don ƙauna, amma ta ba shi tsaki ta ɓoye tsabar. Ya kamata malamai da ma'aikatan jinya su daina ba iyaye shawarar "a riƙa yi masa Turanci a gida". Shawarar da bincike ya goyi baya ita ce kowane babba ya yi wa yaro harshen da ya fi iya zuba zance da shi.

Iyaye kuma ba a juya su da lacca. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 Sharon Wolf da Lawrence Aber da Jere Behrman sun gwada wani shiri a makarantun share fage 240 na yankin Akra. Horar da malamai kan koyarwa ta wasa da tattaunawa ya gyara aji, yara suka amfana. Amma a makarantun da aka ƙara da tarukan wayar da kan iyaye, ribar da yaran suka samu ta zube. Yadda na fahimci wannan shi ne uban da ke biyan kuɗin makaranta da guminsa yana son ganin rubutu a littafi da aikin gida, in aka nuna masa majigi aka ce wasa ne karatu, sai ya ƙara matsa wa yaron a gida. Da za a fara da abin da ya sani, a ce masa aiken da kake yi wa ɗanka wajen mai koko da ƙosai, ya riƙe saƙo ya dawo da canji ya ba ka bayani, darasin harshe ne, da ya fi saurin karɓa.

Makarantar allo da Islamiyya suna da rabonsu. Tun 1987 akwai Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, kuma makarantu da yawa a zango suna haɗa Larabci da boko. Hadda na horar da kunne da harshe wajen bambance sautuka, tana kuma ƙarfafa riƙo. Abin da ba ta bayarwa shi ne damar yaro ya ƙirƙiri jimlarsa. Minti goma na ƙissar Annabi Yusuf da Hausa, malam ya tsaya ya ce, "To, me kuke gani 'yan'uwansa za su gaya wa babansu?" zai cike wannan giɓi ba tare da an taɓa tsarin karatun ba.

Inda lalura ta gaskiya take ɓuya

Akwai yaran da matsalarsu ta wuce ta muhalli. Binciken Courtenay Norbury a Surrey ta Ingila a 2016 ya gano kusan yara biyu a kowane aji mai yara 30 suna da lalurar harshe wadda ba kurumta ko wata cuta ce ta kawo ta ba. In'ina kan taɓa kusan yara biyar cikin ɗari a wani lokaci na ƙuruciya, yawancinsu kuma takan sake su. Waɗannan yara suna cikin kowace al'umma, har da tamu.

A zango kuskure biyu ne ke faruwa, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko, yaro ya kai shekara uku bai haɗa kalma biyu ba, sai a ce, "Harsuna ne suka yi masa yawa," ko "Namiji ne, babansa ma bai yi baki da wuri ba." Bincike bai nuna cewa tashi da harsuna biyu ko uku na haddasa lalurar magana ba. Yaro mai harsuna da yawa yakan fara ba-ba-ba da da-da-da wajen wata shida zuwa tara, kalmar farko wajen shekara ɗaya, haɗa kalma biyu wajen shekara biyu, kamar kowane yaro, muddin an tattara kalmominsa na duk harsunan aka ƙirga tare. Gauraya Hausa da Twi a jimla ɗaya ma ba ruɗewa ba ce, haka ya ji manya na yi. Wanda ya makara a duk harsunansa, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya nuna abu da yatsa, ko ya fara magana ta ɗauke, wannan a kai shi a duba, kuma a fara da kunne. Ciwon kunne mai zubar da ruwa, sanƙarau da shawarar jarirai mai tsanani duk suna iya rage ji ba a lura ba. Wasu iyayen wanzami suke fara kira ya yanke linzami. Linzami na iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba shi ke hana yaro fahimtar magana ko tara kalmomi ba, kuma watannin da aka ɓata ana jiran aikin aska ya yi tasiri ba sa dawowa.

Kuskure na biyu shi ne a ɗauki lafiyayyen yaro a ce yana da lalura. Hausar Gana tana da kamanninta. Masu ita da yawa ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, kuma sukan ce "ya zo" ko mace ce ta zo. Yaron Maamobi da ya ce "kofa" ko "Amina ya tafi" daidai ya faɗa a karin harshen unguwarsu. Wanda ya ɗauko ma'aunin Hausar Kano ya gwada shi da shi zai rubuta masa tsamin bakin da ba shi da shi, wanda ya gwada shi da Turanci kuwa rashin Turancinsa kawai ya auna.

Masu gyaran magana a Gana kaɗan ne ƙwarai. Sai a 2016 Jami'ar Gana ta fara horar da su a matakin digiri na biyu a Korle Bu, Jami'ar Kimiyyar Lafiya da ke Ho ita ma tana yaye nata. Dokar naƙasassu ta 2006 da manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 sun ba waɗannan yara haƙƙi a takarda. Binciken Karen Wylie da abokan aikinta 'yan Gana ya nuna cewa iyali kan fara da dabarun gida da addu'a da masu maganin gargajiya tare da asibiti. Saboda haka liman da malamin allo da ungozoma da wanzami suna cikin waɗanda ya kamata a koya wa alamomin nan, domin su ake fara kai wa kuka. Yaron da aka tabbatar kurma ne kuma kada a bar shi ba harshe ana jiran ikon Allah ya buɗe kunnen. Gana na da makarantun kurame tun wadda Andrew Foster ya kafa a 1957, kuma maganar hannu cikakken harshe ce, kamar yadda Constanze Schmaling ta nuna a nazarinta na kuramen Kano a 2000.

Abin da ke hannunmu

Wurin da ya fi kowane dacewa a fara shi ne wajen awon jarirai. Iyaye mata na kai 'ya'yansu awo da rigakafi a Asibitin Maamobi da sauran cibiyoyin unguwa, suna zaune a benci suna jiran layi. Tambaya uku da Hausa daga bakin ma'aikaciyar jinya, me yake cewa yanzu, yana waiwayowa in an kira shi, wa ke hira da shi da rana, za su kamo yara da yawa tun da sauran lokaci.

A makaranta, ko kafin a sa Hausa cikin jerin hukuma, shugaban makaranta a Nima na iya tura malamar da ke jin Hausa zuwa ajin share fage, ko a ɗauki mataimakiya daga cikin unguwa, a kuma daina hukunta yaro don ya yi harshen gidansu. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 yana da hurumin ilimi, kuma buga ƙananan littattafan hoto da Hausar Akra bai kai tsadar gina kwalbati ɗaya ba. Ɗakin karatun yara na Nima da Maamobi, wanda asusun Kathy Knowles ya taimaka aka buɗe a ƙarshen shekarun 1990, wuri ne da kakanni za su iya zuwa su yi tatsuniya da kacici-kacici ranar Asabar. Shugabannin matan Kasuwar Malam Atta kuma su ne za su iya nema wa 'ya'yan 'yan dako rumfar reno.

Mu masu nazarin harshe namu aikin shi ne ma'auni. A gaɓar tekun Kenya, Katie Alcock da abokan aikinta sun tsara jerin kalmomin yara da Kiswahili da Kigiriama, wanda ake karanta wa uwa da baki tana cewa wannan yana faɗa, wannan yana ganewa, don haka ko ba ta yi boko ba za ta iya amsawa. Irinsa muke bukata da Hausar zango. A tattaro kalmomin daga bakin iyaye mata a Nima da Maamobi da Sabon Zango da Kumasi, a karɓi kalma ko da wane harshe yaron ya faɗe ta, a gwada jerin a kan yara masu wata 8 zuwa wata 30, sannan a miƙa shi ga ɗaliban Korle Bu da ma'aikatan awo. Sashen nazarin harsuna na Jami'ar Gana da sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da mutanen da za su iya wannan aiki tare, kuma ina roƙon taron da aka gabatar da takardar nan a cikinsa ya sa shi cikin shawarwarin da zai fitar.